Kafin Ka Sa Farar Kwala

Wusasa, Zariya

Babana,

 Saƙonka ya iso, na karanta, na kuma miƙa wa innarka ta karanta da idonta. Ka ce zuciyarka ta tsaya a kan aikin Ubangiji, kana so in ka gama jarrabawa ka nemi makarantar tauhidi, ka zama limamin ikilisiya. Ka ce in gaya maka gaskiyar abin da nake gani. To, ban hana ka ba, ban kuma ce je ka ba tukuna. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Labarin mutum ɗaya nake so in ba ka. Ka sha ganin hotonsa a littafin tarihi da kalandar coci, tsoho mai furfura cikin rigar bishop. A makaranta akan ce Samuel Ajayi Crowther shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop a ɗariƙar Angilikan, daga nan a juya shafi. Abin da ke bayan shafin nan shi ya kamata mai son aikin fasto ya sani.

An haife shi wajen 1809 a Osogun, cikin ƙasar Yarbawa. A 1821, lokacin da daular Oyo ke wargajewa, mahara suka faɗa wa garin. A cikinsu akwai Fulani da Yarbawa Musulmi. Shi da kansa ya rubuta haka, ba kuma zan tsallake maka ba don kunya. Aka kama shi da uwarsa da ƙannensa mata, aka zarga musu igiya a wuya, gari yana ci da wuta a bayansu. Ubansa kuwa bai ƙara sa shi a ido ba. An taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamsar ba aka warware cinikin aka dawo da yaron. Daga hannu zuwa hannu, har aka ba da shi a bakin taba da giya, ya ƙare a Ikko a hannun Turawan Fotugal. A watan Afrilu na 1822 aka loda su a jirgi, sai jiragen yaƙin Ingila masu farautar fataken bayi suka tare su. Kada ka ɗauka murna ya yi. Ya ba da labari cewa da ya hau jirgin Ingila ya ga naman alade a rataye, da harsasan igwa a tare wuri guda, sai ya ɗauka naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Shekarunsa a lokacin ba su kai naka ba.

Aka sauke su a Saliyo. Ya koyi karatu da aikin kafinta, aka yi masa baftisma ranar 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan. Da ƙungiyar mishan ta CMS ta buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827, yana cikin ɗalibanta na fari. Ya auri Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka kuɓutar da ita, suka zauna tare fiye da shekara 50.

A nan Saliyon, yana matashin malamin makaranta, wani abu ya faru da nake so ka saurara da kyau, don na san halinka da gardamar addini, ƙanwarka tana nuna mini abin da kake rubutawa a Facebook. Wani ɗalibinsa ɗan Musulmi ya zo aji da laya a wuya. Crowther, da zafin ƙuruciya, ya tsinke layar ya ce a mayar da ita gida, nan makarantar Kirista ce. Uban yaron ya taso a fusace. Crowther ya ce to a tara dattawan Musulmi a yi muƙabala. Ya shirya tsaf, ya zo da Littafi Mai Tsarki na Larabci da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, hujjoji a jere. Dattawan ba su ma bi shi cikin gardamar ba. Suka tsaya a kan abin da suka yi imani da shi, cewa Allah ba shi da ɗa, taro ya watse. Bai jawo ko mutum ɗaya ba, sai ɓacin rai da ya ƙara. Wannan rana ta zauna masa a zuciya har ya rubuta ta yana tsoho. Daga nan ya fara koyon abin da ya fi wa'azi wuya, wato zama a ji mutum har ya kai aya.

A 1841 gwamnatin Ingila ta tura jirage uku su hau Kogin Kwara, aka sa shi a ciki tare da wani Bajamushe ɗan mishan, James Schön. Zazzaɓi ya yi wa Turawan tafiyar mummunar ɓarna, abin ya tashi a tutar babu. Amma CMS ta fahimci cewa in dai ana son bishara ta shiga cikin ƙasa, sai da ƙafar 'yan ƙasa. Shi Schön ɗin nan Hausa ya kama, ya fitar da littafinsa na farko na kalmomin Hausa a 1843, daga baya ya yi nahawu da ƙamus, da taimakon wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu. A shekarar 1843 ɗin ce kuma aka naɗa Crowther limami a Landan, ya buga littafinsa na Yarbanci.

Aka tura shi ƙasarsu. A Abekuta, cikin 1846, bayan shekara 25 da rabuwa, aka kawo masa wata tsohuwa. Uwarsa ce, Afala. Ya rubuta cewa jikinta rawa yake, suka riƙe juna suna kallon juna ba mai magana, hawaye na bin kuncinta, sannan ta soma kiransa da sunayen da kakarsa take kiransa da su yana yaro. Da aka yi mata baftisma a 1848, Hannatu aka sa mata, kamar uwar Sama'ila ta Littafi. Innarka ba ta iya jin wannan wurin ba ta share ido ba.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan ruwa. Ya bi wani Bature mai suna Baikie hawan kogi a 1854, tafiyar da aka sha kwinin ba wanda ya mutu. A 1857 ya kafa tashar mishan a Anaca, ya bar Rabaran J. C. Taylor a can, ya kafa wata a Gbebe, kusa da mahaɗar Kwara da Binuwai. Jirginsu, Dayspring, ya daki duwatsu a Jabba ya lalace, suka maƙale a ƙasar Nufe wata da watanni. Wani zai zauna yana ƙirga kwanaki. Shi sai ya kama koyon Nufanci, har daga baya ya fitar da littafin koyon karatu da nahawu na harshen. Harshen Ibo ma ya fitar masa da littafin koyon karatu. Yarbanci kuwa shi ya ja ragamar fassara Littafi Mai Tsarki, aikin da bai kammalu ba sai tsakiyar shekarun 1880. Yakan zauna da tsofaffi da bokaye da malaman Musulmi yana tsintar kalmomi da karin magana, yana rubutawa. A Disamba 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, ta haɗa da takardun kalmomin da ya shekara 11 yana tarawa, da fassarorin da bai riga ya aika ba. Ya sake farawa. In wani ya tambaye ni mene ne kiran Allah a rayuwar mutumin nan, ni ba ranar naɗi zan nuna masa ba, washegarin gobarar nan zan nuna masa.

Ranar naɗin dai ta zo. Sakataren CMS, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikilisiyar kowace ƙasa ta riƙe kanta, ta ciyar da kanta, ta yaɗa bishara da kanta, Bature ya yi aikinsa ya matsa gaba. Shi ya dage sai an yi Crowther bishop, alhali Crowther ɗin yana ta nonnoƙewa. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka keɓe shi a babbar majami'ar Kantabari. Amma tun a ranar akwai tsutsa a cikin goron. Turawan mishan da ke ƙasar Yarbawa, da Henry Townsend a gabansu, sun ƙi zama a ƙarƙashin baƙin mutum. Sai aka yanka masa dayosis a yankunan da ke wajen mulkin Sarauniyar Ingila, aka bar Ikko da Abekuta a hannun wani bishop Bature. Ka ga bishop Bayarabe, mai fassara Littafi da Yarbanci, ba shi da iko a kan ikilisiyoyin garinsu.

Ya karɓa a haka. Ba shi da jirgin kansa shekara da shekaru, sai ya jira ruwa ya cika ya roƙi wuri a jiragen 'yan kasuwa. A 1867 wani basarake mai suna Aboko ya tsare shi da ɗansa Dandeson a kusa da Ida, yana neman kuɗin fansa; wajen ƙwato su kibiya mai dafi ta kashe wani jami'in Ingila. Bai fasa hawa kogin ba.

Ga wurin da na fi so a labarinsa, kuma shi ya fi shafarka, kai da kawunnanka na cikin birni suke salla biyar, kake cin tuwon sallarsu, suke cin shinkafar Kirsimetinmu. A 1872, yana dawowa daga Bida ta ƙasa, ya biyo ta Ilori, aka kira shi gaban Sarki, fada cike da malamai. Tambayoyin da dattawan Saliyo suka tsaya a kai su aka jefo masa. Wannan karon bai zo da hujjojin kansa ba. Ya fara daga inda kowa ya yarda, wato Mala'ika Jibrilu da Maryamu, ya buɗe Linjilar Luka ya karanta musu da Yarbanci abin da aka rubuta, ya bar Littafin ya yi magana. Kowace tambaya sai ya buɗo aya. Da aka tambaye shi me littafinsa ya ce game da Annabi Muhammadu, bai yi zagi ba, bai kuma yi daɗin baki ba. Ya ce an rubuta Sabon Alkawari ɗaruruwan shekaru kafin zuwansa, don haka bai ambace shi ba. Can aka nemi ya yi addu'a. Sai ya buɗe Littafin Addu'a, irin wanda ke kan bencinmu kowace Lahadi, ya karanta addu'ar da ake yi wa Sarauniya, ya bayyana cewa a kowace ƙasa sunan mai mulkin wurin ake sawa, domin Kirista an umarce shi ya yi wa sarkinsa addu'a. Fada ta yarda addu'ar ta dace. Ba wanda ya sake addini a ranar, shi ma bai rage komai daga bangaskiyarsa ba, an kuma rabu ana ganin girman juna. Mutumin da ya tsinke laya a wuyan yaro ke nan, bayan shekaru kusan 40.

Haka ya zauna da sarakunan Bida tun zamanin Masaba, yana kai musu gaisuwa, yana ba da Littafi na Larabci kyauta. Amincin ya kai har a shekarun 1880 Etsu Maliki ya aika da takarda da Hausa a kai wa Crowther, yana kuka da barasar da Turawa 'yan kasuwa ke shigowa da ita, yana cewa ta lalata masa ƙasa da mutane, yana roƙon a kai kukansa gaban Sarauniya. A takardar uba ya kira shi. Ka tsaya ka duba wannan. Sarkin Musulmi yana da damuwa, ya rasa wanda zai amince wa ya kai masa magana sai bishop, bishop ɗin kuma tsohon bawa ne da Musulmi suka kama yana yaro.

Yanzu sai ɓangaren da ba a sawa a kalanda.

Venn ya rasu a 1873, iska ta juya. Zamani ya zo da Turawa suke rabon Afirka, suna ganin baƙar fata bai isa ya shugabanci komai ba. Kamfanin Turawa ya mamaye cinikin kogin, yana ture 'yan kasuwa baƙaƙe. CMS ta sayo wa mishan jirgi, amma ta ɗora Bature a kan jirgin da lissafin kuɗi. Aka fara rubuta rahotanni a kan ma'aikatan bishop, wani lokaci ba a ma nuna masa abin da aka rubuta ba. A 1880 matarsa ta rasu.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba duk zargin ne ƙarya ba. Ma'aikatansa yawanci 'yan Saliyo ne, albashi kaɗan, kowa shi kaɗai a tasharsa, bishop yana zaune a Ikko sai shekara-shekara ake ganinsa. Waɗansu sun koma fatauci, waɗansu sun faɗa shaye-shaye da neman mata. A Anaca, cikin 1877, wasu ma'aikatan mishan suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, maganar kuma ta daɗe kafin a kai ta gaban shari'a. Crowther mutum ne mai sanyin hannu, ya fi son ya ja kunne ya ba da wata dama a kan ya kori mutum. A ganina, wanda ya san zafin igiya a wuyansa ba ya saurin ɗaure wani. Na fahimci wannan, amma ban wanke shi ba. Taushin shugaba, marasa ƙarfi ne suke biyan kuɗinsa, kamar yarinyar nan. In ka zama fasto, ranar da za a kawo maka ƙarar dattijon da ke ba da baiko mafi tsoka za ta zo, sai ka tuna da ita.

A 1890 wasu samarin Turawa suka iso Lakwaja, da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson a gaba. Ka san inda suka nufa? Nan ƙasar Hausa. Sun koyi Hausa, sun sa riga da rawani, sun ce ba sa son kariyar gwamnatin Ingila, a shirye suke su mutu. Ba munafukai ba ne, Babana, da gaske suke, kuma wannan ne abin tsoron. Suna da tabbacin cewa su ne tsarkaka, ikilisiyoyin da tsohon ya shekara 30 yana ginawa kuwa shara ce da za a share. Suka bi tasha-tasha suna hana mutane Jibin Ubangiji, suna korar ma'aikata. A watan Agusta na shekarar aka zauna taron kwamitin kuɗi a Anaca, bishop yana kan kujerar shugaba. A gabansa sakataren mishan, F. N. Eden, ya dakatar da limaman da shi bishop ɗin ya naɗa da hannunsa, abin da a tsarin Angilikan hurumin bishop ne. Da Dandeson, wanda a lokacin babban dikin ne, ya buɗe baki, shi ma aka dakatar da shi. Brooke yana da shekara 25, Crowther ya haura 80. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ajiye shugabancin kwamitin ya tashi. A shekarar da ta biyo ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891.

Samarin ma ba su kai labari ba. Robinson ya riga Crowther rasuwa a Lakwaja cikin 1891, Brooke ya bi a 1892, ba wanda ya taka Kano a cikinsu. Ƙanen Robinson, Charles, shi ya isa Kano a 1894, ya kuma yi ƙamus na Hausa. Kujerar Crowther aka ba Bature, Joseph Hill, da ya rasu aka ba Herbert Tugwell. Tugwell ɗin nan ne ya jagoranci tafiyar 1900 da Sarkin Kano Alu ya ce su fice masa daga gari, kuma a cikin tawagar akwai Likita Mila, wanda ya ci gaba da aikin mishan ɗin. Sauran ka sani: Girku, sannan birnin Zariya a 1905, sannan aka dawo nan Wusasa a ƙarshen shekarun 1920, Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Wato hanyar da bishara ta biyo ta iso gidanmu ta ratsa ta ɗakin taron nan na Anaca. Waɗanda suka taso da ƙaunar ƙasarmu su ne suka karya zuciyar tsohon. Na daɗe ina juya wannan a raina, ban ga yadda za a gyara shi ya yi daɗin ji ba.

Bayan Crowther, baƙar fata sai dai mataimakin bishop. Sai a 1952 aka ba Akinyele dayosis ɗin Ibadan, shekara 60 ke nan. Ikilisiyar Nijeriya ta tsaya da ƙafarta a 1979. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da keɓe shi, Akbishop na Kantabari na lokacin, Justin Welby, ya fito fili ya nuna nadama da kunya kan abin da aka yi masa. Ya kyauta, ko da yake wanda aka yi wa laifin ya shekara fiye da 120 a ƙasa.

Da na karanta saƙonka na ga ka yi maganar tsanani, da ƙona majami'u, da cewa ba ka tsoro. Na yarda, kuma abin yana faruwa, mun gani da idonmu a jihar nan. Amma ka lura, Aboko ya tsare Crowther, gobara ta cinye aikinsa, kogi ya fasa jirginsa, duk ya miƙe. Abin da ya kwantar da shi 'yan'uwa ne masu riƙe da Littafi ɗaya da nasa, a taron kwamiti, da takarda da biro. Wannan ba ka ambata ba, don ba ka san shi ba tukuna. Akwai canjin wurin aiki da za a yi maka don ka faɗi gaskiya, akwai ƙabilanci a zaɓen bishop, akwai wata uku ba albashi matarka tana kallonka. Akwai kuma abin da ya fi ba ni tsoro a kanka, don kai mai zafi ne kuma mai gaskiya: kada ka zama Brooke. Kada ka fito daga makaranta da digiri ka tarar da tsohon katikis irin kakanka mai sunanka, wanda ya riƙe ikilisiyar ƙauye da noma da keke, ka ga kuskuren Turancinsa da na lissafinsa, ka kasa ganin abin da ya gina.

Ga abin da nake so. In ka gama jarrabawa, kada ka cika takardar makarantar tauhidi bana. Akwai wani fasto abokina a wani ƙauye kudu da nan, ikilisiyoyi huɗu yake zagayawa a kan babur, mutanensa Gbagyi ne da Hausawa da 'yan Fulani kaɗan. Na yi masa magana, ya ce ka zo ka yi damina a wurinsa. Za ka yi noma, za ka raka shi gaisuwar mutuwa da sasanta ma'aurata, za ka riƙe masa littafin baiko, kowane kwabo a rubuce. Ka sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta kalmomin Gbagyi da kake ji, ka kuma je ka gaida limamin masallacin garin tun makon farko, ka zauna in ya ba ka tabarma. In kaka ta yi ka dawo har yanzu zuciyarka tana nan, ni da kaina zan raka ka wurin bishop.

Innarka ta ce in gaya maka ita ba ta da ta cewa sai addu'a, amma ka rage zama da yunwa da sunan azumi ana tsakiyar jarrabawa. Ta ba direban da ya kawo maka wannan takarda ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli, ka tambaye shi kada ya manta da su a mota. Kuɗin makarantar da ka ce, zan turo ƙarshen wata. Ka gaida maigidan ɗakinku da abokan karatunka.

Ubangiji ya kiyaye ka, ya ba ka sa'a.

Ni ne,
Mahaifinka